Coci a Cikin Coci

Daga bakin Nas shawarar ta fito, wannan kowa ya shaida. Ita ta miƙe a taron ikilisiya ta ce a gina sabon coci ya kewaye tsohon.

Tsohon cocin ya daɗe da yi wa jama'a kaɗan. Ranar Lahadi wanda ya makara sai ya yi sujadarsa ta taga, yana leƙe, rana na dukan ƙeyarsa. Filin kuwa ba zai ɗauki gini biyu gefe da gefe ba: gaba titi, baya katangar makaranta, hagu shagon mai walda, dama kwata. Dole sabon ya tsaya inda tsohon yake. To, in aka rushe, a ina za a yi sujada kafin a gama wancan? A nan maganar take cijewa duk lokacin da dattawa suka zauna. Wani ya taɓa cewa a kama hayar ɗakin taro, Ma'aji ya kama tari kamar ya shaƙi barkono, aka bar zancen.

Nas ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin unguwar, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta iya kwana-kwana a magana ba. Ta ce a haƙa tushe ta waje, a ɗaga bango ya zagaye tsohon ginin, a rufa kwano a sama. Ran da aka gama rufi sai a rushe na ciki, a fitar da shi ta ƙofa. Ko Lahadi ɗaya ba za ta wuce su ba.

Aka fashe da dariya. Direba, wanda ba a raba shi da barkwanci ko a gidan makoki, ya ce, "Wato coci zai ɗauki cikin coci, mu kuma mu zauna jiran haihuwa. Ai dole, tunda ungozoma ce ta kawo shawara!"

Magini dai bai yi dariya ba. Ya fita ya zagaya ginin, hannuwansa a baya, ya dawo ya zauna ya ce, "Zai yiwu." Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kafin a yi addu'ar rufewa an ɗora wa Nas shugabancin kwamitin gini.

Ikilisiyar nan ba ta da attajiri ko ɗaya. Malaman makaranta ne, da teloli, da 'yan tireda, da masu gadi. Nas ta ce kada kowa ya ji kunyar ƙanƙantar abin hannunsa, amma kada kowa ya zo mata hannu na dukan cinya. Aka keɓe Lahadi ɗaya a wata aka raɗa mata Lahadin siminti. Ranar ba a zagayawa da kwanon baiko, buhu ake shigowa da shi a ka ko a baro, wanda bai iya buhu ba ya haɗa hannu da maƙwabcinsa. Kowane gida ya buga bulo a tsakar gidansa. Matan zumunta suka riƙa ɗinka zannuwan gado suna kaiwa kasuwa. Direba in ya kai kaya ba ya dawowa da mota wofi, sai da yashi. Har mai waldan gefe, wanda ba ɗan cocin ba ne, ya gaji da kallonsu suna fama, ya lanƙwasa musu rodi bai karɓi komai ba.

Ita kuma ta bi gida-gida. Mutane suka ce allurarta ta fi gaisuwarta sauƙi, don allura sau ɗaya take zafi. Akwai wani malamin makaranta da ya hango ta ya shige banɗaki. Ta zauna a kujerarsa, matarsa ta ba ta ruwa ta sha, ta jira shi har ƙafarsa ta yi tsami ya fito da kansa. Ni dai ban ga laifinta ba. Bango ba ya tashi da "Allah ya sa albarka" kawai.

Aikin ya ci shekaru. Bango ya tashi ya tsaya, ciyawa ta tsiro a kansa, ya sake tashi. A cikin shekarun nan ne mahaifin Nas ya fara ɓace mata alhali yana zaune a gabanta.

Baba yana cikin waɗanda suka gina tsohon cocin da hannunsu tun suna samari. Bayan rasuwar matarsa ya dawo gidan Nas da zama. Da farko makulli yake mantawa, sai sunayen jikoki, daga baya sai ita kanta. A gida "baiwar Allah" yake ce mata, cikin ladabi. In ta kai masa abinci ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya irin ta baƙo, wani lokaci har ya tambaye ta ko mai gidan ya kusa dawowa, don yana so ya yi sallama ya tafi. Aikin jinya take yi, ta san ciwon, ta san ba shi da magani. Sanin bai rage mata zafi ba ko kaɗan.

Sai dai akwai wuri ɗaya. Tsohon cocin yana da gajeriyar ƙofa, da dokin ƙofa mai tudu wanda ƙafafun mutane suka cinye tsakiyarsa. Da zarar Baba ya dafa katakon ƙofar nan, ya sunkuya ya tsallaka, sai ya miƙe wani mutum daban. Ba mai nuna masa hanya. Zai nufi bencinsa na jikin bango ya zauna, ya bubbuga wurin da ke gefensa ya ce, "Auta, zo nan kusa da ni. Kin ci abinci kuwa?" Duk duniya babu sauran mai kiranta Auta sai shi. A nan zai tambaye ta 'ya'yanta da sunayensu, ya yi mata faɗan ta cika aiki, ya rera waƙoƙi daga farko har ƙarshe ba tare da duba littafi ba. In aka tashi suka fito, kafin su kai titi ta koma baiwar Allah.

Da wannan ɗan lokacin take rayuwa daga mako zuwa mako. Wata rana ma, in kewar ta ishe ta, sai ta taso daga aiki ta ɗauko shi, ta ce za ta duba gini. Ta buɗe ƙofar da makullinta, su zauna su biyu, ta sami ubanta na ɗan lokaci. Ba ta faɗa wa kowa ba, tana ganin ba wanda ya lura.

Ran da kafintoci suka buga ƙusar ƙarshe a sabon rufi, mata suka yi guɗa har masu wucewa suka tsaya. Fasto, saurayin mutum mai sanyin murya, ya fara addu'ar godiya kuka ya ƙwace masa, sai wani dattijo ya ƙarasa. Nas ta tsaya a bakin titi tana kallon kwanon na sheƙi, zuciyarta fari fat. Sai da Magini ya matso ya ce, "To, Shugaba, yanzu sai ki ba mu rana," sannan ta tuna rabin shawararta na biyu.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne yadda tsohon cocin zai zama bayan an kifa masa rufi. Tagoginsa duk bango suke kallo. Da tsakar rana sai an kunna fitila. Iska ta daina shiga, fanka tana juya zafin da ke ciki kawai. Masu makara da a da suke tsayawa a waje, yanzu a lungun da ke tsakanin bango biyu suke cunkushewa, kusa da tarin buhunan simintin da aka tara domin daɓe. Fasto ya rage tsawon wa'azi, abin da ba a taɓa jin wani ya yi ƙorafi a kai ba, amma duk da haka kowa na fitowa kamar an tsamo shi daga rijiya.

Nas ta ce a dakata a sa ƙarafunan tagogi tukuna, saboda ɓarayi. Aka sa. Ta ce 'yar Ma'aji ta ci burin a ɗaura mata aure inda aka yi mata baftisma, a bari a yi. Aka yi. Ta ce ai ba a rushe ɗakin Ubangiji haka kawai, sai an yi sujadar ban kwana. Aka yi, da waƙoƙi da hawaye. Sai ta ce ba a riga an sami inda za a zubar da ɓaraguzai ba.

"Ungozoma," in ji Direba, "wannan naƙuda fa ta yi tsawo. Ko sai an yi aiki ne?"

Aka yi dariya, amma ba irin ta da ba. Mutane sun fara kallon juna. Matar da ta hana kowa barci a kan ginin nan, yau ita ke jan ƙafa.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Wata safiya Magini ya tare ta a lungun, ya ɗaga wani buhu na ƙasa ya buga masa ƙafa. Ƙarar da ya yi ba ta garin siminti ba ce.

"Kin ji ko, Shugaba? Gefensa ya fara daskarewa. Raɓa ce kawai wannan. In ruwa ya sauka sosai, duk abin nan dutse zai zama. Akwai buhun da mutum biyu suka haɗa suka saya fa."

"Na sani."

"To me ake jira? Ni ba zan iya daɓe da gini a tsakiyar ɗaki ba."

"Na ce na sani," ta ce, ta wuce da sauri. Ta ji kunya, don bai faɗi ƙarya ba ko ɗaya.

A wannan makon ne Uwar Zumunta ta kama ta. Tsohuwa ce, ƙawar mahaifiyar Nas tun suna 'yan mata, ita ke jagorantar mata, kuma ita ke share cocin don ta ce tsintsiyar kowa ba ta kai tata ba. Nas ta kawo Baba da la'asar, suna zaune a benci yana ba ta labarin yadda ta taɓa haɗiye maɓallin rigarsa tana rarrafe. Sai ga tsohuwar ta fito daga bayan bagade, teburin nan na gaban coci, da tsintsiya a hannu. Ta gaishe shi, ya amsa da sunan da suke tsokanarta da shi tun da can, ta yi dariya har da dafa ƙirji. Sannan ta yafito Nas suka koma bakin ƙofa.

"'Yata, ba yau na fara ganinku ba."

Tsohuwar ta gyara riƙon tsintsiya ta ci gaba.

"Ranar nan na zo gidanku gaishe shi, ya tambaye ni ko kayan miya nake sayarwa. Yanzu kuma kin ji. Ba sai kin faɗa mini komai ba."

"Mama, nan kaɗai ya san ni." Nas ta waiwaya ta dube shi. "In aka rushe, shi ke nan. Yana raye, amma na zama marainiya."

"Ki faɗa wa Fasto mana. Ki faɗa wa jama'a. Mutanen nan suna ƙaunarsa."

"In faɗa musu me? Su ci gaba da dahuwa a ciki, simintinsu ya lalace, saboda ni ina son a ce mini Auta? Za su yarda ma, shi ne abin da nake tsoro. Sai yaushe kuma? Sai ya mutu? In zauna ina shugabar gini, jama'a na jiran mutuwar ubana kafin su sha iska?"

Uwar Zumunta ta dubi tsintsiyarta. "Gaba kura, baya sayaki," ta ce a hankali. "Ni bakina a rufe yake. Amma kar ki daɗe, 'yata. Abin da kike riƙewa yana da nauyi, kuma ba ke kaɗai yake danna ba."

Nas ta ce wa kanta Lahadi ɗaya kawai za ta ƙara. Haka ta ce a wancan makon ma.

Lahadin ta zo da wani irin zafi mai nauyi, irin wanda yake zuwa gabanin ruwa. Cocin ya cika har bakin bagade. Ana tsakiyar wa'azi sai aka ji faɗuwar abu a ɓangaren mata, sai ihu. Matar Direba ce, da tsohon ciki, ta sulale daga benci ta zube ƙasa.

Nas ba ta san yadda ta tsallake bencuna ba. Ta taɓa wuyan matar, ta ce a ba ta iska, amma ina iskar take? Ta ce a fitar da ita. Maza suka ɗauka, suka isa ƙofa, ƙofar nan da mutum ɗaya ma sai ya sunkuya. Na gaba ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, saura kaɗan su yar da ita. A lungu kuma mutane sun toshe hanya, ba mai iya ja da baya saboda buhuna. Sai da aka yi ta ihu da ture-ture kafin a kai ta sarari. Nas ta durƙusa a ƙasa ta kwance mata ɗankwali, ta kwantar da ita ta gefe, ta yayyafa mata ruwa, tana kiran sunanta, hannunta ɗaya a kan cikin tana jiran motsi.

Matar ta buɗe ido. Can kuma cikin ya motsa a ƙarƙashin tafin Nas. Uwar Zumunta ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mun gode, Yesu."

Direba yana tsugune a gefe. Ba wasa a fuskarsa, kuma fuskar ba ta yi kama da tasa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Nas, don Allah, me muke jira?"

Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwarta, ta nemi Magini da ido.

"Gobe da safe," ta ce. "Duk wanda zai iya ɗaukar hutu ya ɗauka. Mai guduma ya zo da ita, mai shebur ya zo da shi. Mata, a zo da kwanon sarki da gammo. Laifina ne da aka kai yau. Gobe za a rushe."

Aka sa matar a mota aka tafi da ita asibiti, jama'a suka watse a hankali. Sai a lokacin ta tuna Baba. Ta koma ciki ta same shi shi kaɗai a bencinsa, hularsa a kan gwiwa, yana fifita da ita.

"Auta, ina kika shiga? An tashi ne ba a yi albarka ba?"

Ta zauna kusa da shi. "Wata ce ta suma, Baba. Ta farfaɗo."

"Madalla."

"Baba, gobe za mu rushe cocin nan."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya dubi bango. "Ya yi kaɗan ne?"

"Ya yi kaɗan."

"To a rushe mana. Mu ma rumfa muka tarar muka ture ta. Sai dai ku sa ƙofa mai tsawo, mu kuɗin katako ne ya ƙare mana." Ya yi dariya shi kaɗai.

Ta so ta gaya masa abin da zai tafi tare da bangon. Ta buɗe baki, ta ga ba ta da hanyar faɗa wa mutum cewa gobe zai manta 'yarsa. Sai ta ce, "Baba, wace ce ni?"

"Wannan wace irin tambaya ce? Zafi ya taɓa ki ke ma?"

"Faɗa mini dai."

"Auta ce mana. Autata mai taurin kai irin na uwarta."

"Sake faɗa."

"Ke, tafi can," ya ce, ya ɗan buge ta da hular. Amma ya sake faɗa.

Suka zauna a cikin zafin nan har yunwa ta fara damunsa. Ta tambaye shi duk abin da ta tuna: yadda ya haɗu da mahaifiyarta, wanda ya raɗa mata suna, ko ya taɓa fushi da ita har ya kwana da shi. Wasu ya amsa, wasu ya ce ta cika surutu. Da suka zo fita ta bar shi ya riga ta tsallaka dokin ƙofar, ta tsaya a ciki tana kallon bayansa.

Washegari mutane suka zo fiye da yadda ta zata. Aka fitar da bencuna, aka kwance fankoki, samari suka hau suka ɓalle tsohon kwano suna miƙowa. Kafin a taɓa bango Nas ta ja Magini gefe, ta nuna masa inda bencin Baba yake, ta ce ya kafa mata guntun rodi a wurin, kada alamar ta ɓace. Ya dube ta, bai tambayi dalili ba, ya kafa. Uwar Zumunta ta ce a cire katakon ƙofar a hankali a ajiye, ko zai yi amfani. Kafinta ya sa ƙarfe ya ɗan taɓa shi, sai ya ruguje a hannunsa. Gara ta cinye cikinsa tuntuni, fenti ne kawai ya riƙe shi.

Magini ya miƙa wa Fasto babbar guduma. Fasto ya miƙa wa Nas.

Ta karɓa. Nauyin ya ja hannunta ƙasa, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga ta maka wa bangon kusa da ƙofa. Ɗan shafe ne kawai ya ɓare. Ta sake makawa, ta sake, har bulo ɗaya ya faɗa ciki. Hawayen da ke fuskarta kowa ya ɗauka na murna ne, ban da tsohuwa ɗaya. Maza suka karɓi aikin, mata suka yi layi daga ciki har titi, kwanon sarki na bi hannu-hannu, Direba na jiran su da mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ranar hannuwa sun yi yawa har ana rabon aiki da faɗa.

Da bangon gabas ya kwanta, ƙura ta lafa, haske ya zubo ta manyan tagogi. Duk aka tsaya. Shekaru suna gina abin nan, ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Faɗinsa ya ba su tsoro. Wata yarinya ta yi ihu don ta ji muryarta ta dawo, iska ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ta ɗaga mayafan mata. Nas ta ji daɗi har cikin ƙashinta, ta kuma ji haushin kanta da ta ji daɗin. Ta ɗauki kwanonta ta koma layi.

Ba su rasa Lahadi ba. A kan turɓaya suka yi sujada, sannan a rabin daɓe. Ruwan farko ya sauko bayan buhu na ƙarshe ya shiga ƙasa. Duk wannan lokacin Nas ba ta kawo Baba ba. Ta ce ƙura za ta tayar masa da tari, kuma ƙasa ba daidai take ba, zai iya faɗuwa. Gaskiya ne, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Tsoro take ji.

Da daɓe ya bushe, dalili ya ƙare. Tun ranar Asabar ta je ta ɗauko tsohon bencin, ta goge shi, ta ajiye shi daidai inda rodin ya bar alama. A da jikin bango yake, yanzu ya zama a tsakiyar fili, cikin sababbin kujeru. Masu jera kujeru suka kewaye shi, ba wanda ya ce uffan.

Da safe ta sa masa rigar da ya fi so, ta riƙo hannunsa. A bakin sabuwar ƙofa, mai tsawon da ya ce a yi, ya tsaya. Ya cire hula. Ya ɗaga kai yana kallon rufin da ya yi nisa, ya dubi tagogi, ya dubi jama'a. Ta jira ƙafarsa ta nemi hanya da kanta. Ba ta nema ba. Ita ta ja shi har bencin, ya zauna a ɗan gefe, ya haɗa gwiwoyinsa, irin zaman wanda aka ba wuri a gidan mutane.

Ta tsaya kaɗan ko zai bubbuga mata wuri. Daga baya ta zauna da kanta.

Mawaƙa suka ɗauki waƙa, ɗaya daga cikin tsofaffin, Nas ce ta roƙa a fara da ita. Leɓunansa suka motsa. Ya kama baiti na farko, muryarsa na rawa amma daidai, ya bi har ƙarshe. Da aka gama ya juyo ya dube ta da fara'a.

"Baiwar Allah, cocin su wane ne wannan?"

"Namu ne, Baba."

"Kai! Kun yi aiki. Dubi iska, dubi haske. Wa ya ja muku gaba?"

Direba yana zaune a bayansu, matarsa a gefensa da jariri a kafaɗa. Ya leƙo da murnarsa ya ce, "Ai ga ta nan kusa da kai, Baba. Ita ta hana mu sakat har aka gama."

Baba ya juyo gaba ɗaya ya ƙare mata kallo, tun daga ɗankwali har hannuwanta da suka yi kanta. Ya kama hannunta da nasa biyu, ya girgiza a hankali.

"Sannu, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka. Duk wanda ya haife ki, ya haifi 'ya. Ki gaya wa mahaifinki in ji ni."

Fasto ya ɗaga hannu a tashi domin addu'a. Nas ta gyara wa Baba wuyan rigarsa, ta sa hannu a ƙarƙashin gwiwar hannunsa ta ɗaga shi.

"To, Baba," ta ce. "Zan gaya masa."